Gwangwanin da ke Bayan Rumfar Yaya

Ranar da hannun Auta ya maƙale a bututun 'yar gadar da ke tsakiyar lambun shaƙatawa, kayansa na fita kunya ne a jikinsa. Ya durƙusa kamar mai gyara igiyar takalmi, alhali silifa ce a ƙafarsa, ya zura hannu cikin bututun har ya wuce agogo. Shiga ta yi daɗi. Da aka zo fita, hannu ya ce bai san zancen ba.

Mutum ne da ya ba hamsin baya, ga tumbi yana riga shi shiga ko'ina, ga furfura ta ci rabin gemu. Sunan Auta kaɗai ya rage masa na ƙuruciya. Kafin ka ce kwabo mutane sun yi masa zobe. Wani ya ce a kawo man girki, wani ya ce a kira 'yan kwana-kwana, wata mata kuwa ta ce wa 'yarta ta kalla da kyau, haka ƙarshen rashin ji yake. Daga baya aka yi abin da aka saba yi a lambun nan duk lokacin da wani abu ya faskara, aka aika a kira Yaya Mai Tabarmi.

Ta zo da bokitin ruwan sabulu, ba ta sauri ba ta nawa. Ta tsaya a kansa, ta dube shi tun daga hula har silifa.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Me ka ba bututu ajiya?"

"Makullin shago ne ya faɗa ciki."

"Wanda ke lilo a ƙugunka fa, na gidan wa ne?"

Jama'a suka kwashe da dariya. Ta kwarara masa ruwan tun daga kafaɗa, ta kama hannun ta murɗa kamar mai matse zanin gado, sai ga shi ya fito sul. Ta ɗauki bokitinta ta koma, ba ta ƙara tambaya ba. Shi ma bai ƙara bayani ba, domin a wasan da yake yi, bayani shi ne babban laifi.

Farautar gwangwani suke ce wa wasan. Auta mai gyaran waya ne, shagonsa yana ƙarƙashin matakalar wani bene a bakin titi, inda mutum biyu ba sa juyawa tare, kuma a nan wani kwastoma ya jefa shi cikin lamarin. Mutum zai samu ɗan gwangwani mai murfi, ya zuba tarkace a ciki, maɓalli, zoben roba, abin rataya makulli, ya ɓoye shi a lambu ko a gefen daji, sannan ya sa alamar wurin a taswirar waya. Sauran 'yan wasa su bi kibiya har su gano shi. In ka samu, ka ɗauki abu ɗaya ka ajiye wani, ka mayar da gwangwanin yadda ka same shi, ka koma waya ka yi ta cika baki. Ba riba, ba kyauta. Matar Auta ta ce ta ga ɓata lokaci iri-iri a duniya, amma wannan ne na farko da ake cajin batir dominsa.

Wasan yana da dokokinsa. Kar ka haƙa rami, kar ka taka shuka, kar ka bar hanya ka ratsa inda ba a ratsawa, kar ka ɓoye komai sai da izinin mai wuri. Amma wadda 'yan wasa suka fi ji da ita ita ce kar ka bari wanda ba ya wasan ya gane abin da kake yi. 'Yan kallo suke kiran sauran mutanen duniya. A gaban ɗan kallo sai ka yi kamar kana amsa waya, ko kana ɗaure takalmi, har ya gaji ya kau da kai. Wannan doka Auta ya riƙe ta da hannu biyu. Sauran kuwa, yana gaisawa da su in sun haɗu.

Yaya ita ce babbar 'yar kallo a rayuwarsa.

Uwa ɗaya uba ɗaya suke, ita ce ta fari, shi ne na ƙarshe. Yana rarrafe mahaifiyarsu ta rasu, don haka a bayan Yaya ya buɗe ido ya ga duniya. Har yau in ya fara yi mata fankama takan ce, wanda ka wanke wa kashi ba ya yi maka burga. Ta yi shekaru a ɗakin wanki na wani asibiti, cikin tururi da warin magani, har fatar tafin hannunta ta koma kamar bayan soso. A can ta koyi lalube aljihu kafin ta jiƙa kaya, a can kuma aka san ta da mayar da abin da ta tsinta. Zobe, agogo, tabarau, har da haƙoran roba na wani tsoho, da ta bi ɗaki-ɗaki da su a kofi tana neman bakin da za su dace da shi. Mijinta direban bas ne, mutum mai shiru, kamar dai ya gane tun wuri cewa gida ɗaya ba ya ɗaukar masu magana biyu. Da ya rasu, gwiwoyinta kuma sun fara gardama da matakalar asibiti, sai ta nemi izinin kafa rumfa a lambun shaƙatawa. Aka ba ta wuri kusa da tsohuwar ƙofa, gefen famfo, ƙarƙashin wata babbar bishiya mai zubar da ganye kamar an biya ta.

Sana'ar ba ta da wuyar bayani. Masu zuwa hutawa da iyali su karɓi hayar tabarma, su shimfiɗa a ciyawa, in za su tafi su dawo da ita. Abin da ke da wuya shi ne Yaya. Ba ta karɓar tabarma a dunƙule, sai ka tsaya ka naɗe yadda aka ba ka, ko da kai ne alƙali. Duk wadda ta dawo sai ta karkaɗe ta, ta goge da tsumma mai sabulu, ta shanya a igiya, sannan ta ɗaure da robar taya. Saurayi da budurwa in sun zo neman ɗaya, biyu take miƙa musu, ta ce ɗayar kyauta ce, kuma za ta leƙo ta ga ko ana amfani da ita. A ƙarƙashin teburinta akwai wani shuɗin bokiti mai murfi. Duk abin da aka tsinta a lambun, nan yake zuwa ya jira mai shi, ko zai shekara.

Da wannan rumfa ta karantar da 'ya'yanta biyu har suka kama gabansu. Masu gadi a wurinta suke barin kwanon abincinsu. Mai Hoto, wanda rumfarsa ke jikin tata, in zai zaga ita yake ajiye wa kyamara, ko kallonta ba ya yi, ya dire ya wuce. Shekara ashirin da ɗoriya ana haka. Yaya ba ta tara komai ba in ban da wannan: ana ajiye abu a gabanta a juya baya.

Sai hukumar lambu ta buɗe sabuwar ƙofa a ɗaya ɓangaren, da wurin ajiye motoci da lilon yara. Jama'a suka kwashe suka koma can. Tsohuwar ƙofa ta zama ta tsofaffi masu motsa jiki da safe, waɗanda ba sa zama balle su nemi abin zama. Wata yamma Auta ya biyo ya tarar da tabarmi jere ba wadda aka taɓa, Yaya tana goge wadda ba ta yi datti ba. Ya san in ya miƙa mata wani abu za ta ce ya kai wa 'ya'yansa, su ne suka fi kama da masu bukata. Yana cikin tunani sai dabara ta faɗo masa, irin dabarar nan da ke shigowa ba sallama.

Zai kawo mata mutane.

A bayan rumfar akwai shingen furanni, tsakaninsa da bangon kwano akwai ɗan lungu. Rumfar a kan bulo take zaune, ɗaya daga cikinsu raminsa yana kallon baya. Gwangwanin Auta ya shige ciki kamar dominsa aka buga bulon. Da ya zo sa alama a taswira, waya ta tambaye shi ko ya samu izinin mai wuri da na hukuma. Ya ce a ransa, wurin Yaya ai wurina ne, ya danna eh. Ya yi niyyar gaya mata. Niyyar tana nan, bai taɓa yar da ita ba, bai kuma taɓa amfani da ita ba.

Mutane kuwa suka zo. Abin da bai lissafa ba shi ne ɗan farauta ba ya zama, balle ya nemi tabarma. Ga kuma Yaya a gaban rumfa da idanu irin na mai lalube aljihu, 'yar kallon da ko ƙuda ya wuce sai ta san inda ya nufa. Ba mai iya bi ta gabanta. Sai suka fara ratso ciyawa daga baya, waya a hannu, suna waige-waige. Wani ya tsaya ya yi dogon zance da wayar da ba kowa a cikinta, da ya ga ta sunkuya sai ya yi wuf ya kutsa shinge. Wata ta yi kamar ɗan kunnenta ya faɗi. A tsuguna, a zura hannu, a ɗauki wani abu a sa a aljihu, a ajiye wani, a fito ana karkaɗe gwiwa kamar ba a yi komai ba. Kafin wata biyu hanya ta fito a cikin ciyawa tas kamar tsagar kai, shinge kuma ya yi gibi.

A waya kuwa yabo ake ta zuba wa Kurege, sunan da Auta ya ba kansa ke nan a wasan. Wani ya rubuta cewa bai taɓa shan wuya irin ta wannan gwangwani ba. Wani ya ce tsohuwar nan ta gaba ta fi kare tsaro, sai da kunnensa ya yi zafi da wayar ƙarya. Auta yana zaune a shago yana karantawa, yana dariya har ya manta da dalma a kan wuta.

Wata rana ya tsaya a rumfar shan ruwa, Yaya ta ce masa, "Auta, wai mutanen yanzu wane irin ruwa suke sha?"

"Me aka yi, Yaya?"

"Ga banɗaki can an gina har da tayil, amma kowa sai bayan rumfata. Har da masu taye a wuya. Shekaranjiya wata dattijuwa da jakar hannu, sa'ata wallahi, sai da na watsa mata ruwa ta fito."

"Ki yi haƙuri, matsuwa ba ta san girma ba."

"Abin da ya ɗaure min kai, na zaga na duba, ba jiƙa ba wari."

"To ai kin huta, masu tsabta kika samu."

Ya yi dariya har ya ƙware. Ƙofar faɗin gaskiya ce Allah ya buɗe masa ran nan, ya leƙa ya ce sai wani jiƙon.

Shugaban masu gadin lambun, wanda kowa ke kira Oga, tsohon ɗan sanda ne mai usur a wuya. Lambun ya taɓa fama da masu sayar da ƙwaya, har kujerarsa ta yi rawa, tun daga nan ko inuwa ta tsuguna sai ya tambaye ta dalili. Shi ma ya ga hanyar cikin ciyawa. Ya laɓe ya ga masu waige-waige, ya ga hannu yana shiga yana fita, ya ga ana sa abu a aljihu. Mutum ba ya bukatar digiri kafin ya haɗa wannan lissafi, ko da amsar ba daidai ba ce.

Wata yamma wani ɗan wasa ya rubuta a waya: a yi hattara, akwai mai gadi a bayan bishiya yana ɗaukar hoto. Auta ya karanta har sau biyu. In za a faɗi gaskiya, ba Yaya ce ta fara faɗo masa a rai ba. Izinin nan da ya danna ne, da yadda za a yi da sunan Kurege a gaban 'yan wasa. Washegari da sassafe, kafin ta buɗe rumfa, ya bi hanyar da ya jawo aka yi, ya kutsa gibin, ya zaro gwangwaninsa ya sa a jaka, ya goge alamar daga taswira. Ya koma shago yana jin ya fi kowa wayo.

Da hantsi Oga ya iso da mutanensa. Suka bi hanyar, suka shiga gibin, suka tarar da ramin bulo ya yi sumul saboda shafar hannu, ba komai a ciki.

"An kwashe," in ji Oga. "Wani ya tsegunta musu."

A gaban kowa aka warware tabarmin Yaya ɗaya bayan ɗaya a ƙasa. Sannan aka jawo shuɗin bokiti aka juye. Agoguna, zobba, wayoyi biyu, makullai, tabarau.

"Waɗannan fa, Mama? Jingina ce?" in ji Oga.

Ta tsuguna tana tattara kayan mutane tana mayarwa bokiti. Aka danna wa rumfar kwaɗo, aka ce izininta yana rataye har Manaja, shugabar lambun, ta zauna a kan maganar ƙwaya. In ta tabbata, wurin ya tafi ke nan.

Da labarin ya iso shagon Auta, sai da ya nemi kujera, alhali a kanta yake zaune. Da ya bar gwangwanin inda yake, da Oga ya zaro shi ya ga maɓallai da zoben roba, a yi dariya a watse. Shaidar da za ta wanke Yaya tana cikin jakarsa, kusa da ƙafarsa, shi ya sato ta da hannunsa.

Ya kwana biyu yana kewaye-kewaye kafin ya je gidanta. Ɗaki ɗaya ne da falo a bayan wani dogon gini, hoton mijinta da rigar direbobi a bango, kujeru lulluɓe da yadin da ba a yarda kowa ya yamutsa ba. Ya same ta a tsakar gida tana wanke labulen da daga gani bai daɗe da shan wanki ba. Ta haɗa masa shayi, ta zauna tana kallon hannayenta kamar baƙi.

"Ba kwaɗon ne ya dame ni ba," ta ce. "Mai Hoto ya zo har nan jiya."

"Ah, ka ga ɗan halak. Jaje ya zo?"

"Cajar kyamararsa ya zo karɓa, wadda ke cikin jakata. Har da na gode." Ta shafa tafin hannunta. "Shekara ashirin mutumin nan bai taɓa gode min ba."

Auta ya ajiye kofin. Duk barkwancin da ya tanada a hanya ya neme shi ya rasa.

"Kai da ka san mutane, ka san waya," ta ce, "ka bincika min. Su wane ne waɗannan? Me na tare musu?"

"Za a bincika, Yaya."

"Sha shayinka, zai huce. Ka rame ma. Matarka ba ta ba ka abinci ne?"

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

A gida ya tura gwangwanin ƙarƙashin gado. Matarsa kuwa ba 'yar wasa ba ce, amma ba a taɓa ɓoye abu a ɗakinta ya kwana biyu ba. Ya dawo daga shago ya same shi a kan tebur, an goge shi, an ajiye kusa da farantin abincinsa.

"Baban yara, baƙon nan naka na ƙarƙashin gado, haya yake biya?"

"Na wasa ne."

"Na sani. Na kuma ji an ce ramin bulo aka samu a bayan rumfar Yaya. Na auna shi da ido, kamar zai shiga bulo."

Ya kama wasa da cokali, ita kuma ta ɗora.

"Matar da ta goya ka. Ka je ko in je. In ni na je, da kai zan tafi a hannu kamar wannan gwangwanin."

Sai ya sake wata dabarar, don mai hali ba ya fasa halinsa. Zai je ofis shi kaɗai, ya yi bayani, a buɗe rumfa, Yaya ta ji kawai an ce kuskure ne, ba sai ta san kuskuren wa ba. Ya rubuta wa 'yan wasa yana neman shaidu. Cikin duk masu yabon Kurege, mutum biyu ne suka amsa: wani likitan haƙori, da wata malamar makaranta mai ritaya.

Ofishin Manaja yana bayan wurin ajiye motoci, da taswirar lambu a bango da fanka mai kuka. Auta ya yi sallama ya tura ƙofa da gwangwani a hammata. Manaja tana bayan tebur, Oga yana tsaye. A kan benci kuwa ga Yaya, katin izininta cikin leda a kan cinya. Ashe ran nan aka kira ta a ji ta bakinta.

Ƙafa ta ce a koma. Likita da Malama suna bayansa sun toshe ƙofa.

"Ranki ya daɗe," ya ce wa Manaja, "ina da magana a kan ramin bulo."

Ya buɗe gwangwanin ya juye a tebur. Maɓallai suka gangara, da zoben roba, da wata 'yar mota mai taya uku. Oga ya ɗauki maɓalli ɗaya ya shinshina, ya gwada shi da haƙori. Auta ya yi bayani, bakin nan da ba ya gajiya yau sai tuntuɓe yake. Ya nuna taswira, ya nuna inda ya goge alamarsa, ya nuna yabon da aka yi masa, yana karantawa yana jin kamar ana zare masa riga.

Manaja ta cire tabarau ta dubi su ukun. "Manya da ku?"

Likita ya kama kallon fanka.

"Wa ya ba ka izinin ajiye abu a lambuna?"

"Ba kowa, ranki ya daɗe."

"Da ka ji za a bincika kuma sai ka kwashe."

"Haka ne."

Ta juya wajen benci. "Mama, kin san mutumin nan?"

"Ƙanena ne."

"A'a!" in ji Oga. "Ashe ma ɗan gida ne. Ranki ya daɗe, kin ga abin da nake faɗa."

"Kin san da gwangwanin?"

"Yanzu na gan shi," in ji Yaya. Ba ta dubi inda Auta yake ba.

Nan Malama ta matso, ta gyara jakar hannunta. "Ranki ya daɗe, in da baiwar Allahn nan ta san abin da muke yi, da ba ta yi min wanka ba. Rabin bokiti ta juye min ta saman shinge, ta ce in ji kunyar jikokina. A jiƙe na hau bas."

Dariya ta ƙwace wa Manaja, ta danne ta da tari. Ta ce a cire kwaɗo yau ɗin nan. Auta zai sake dasa shinge da ciyawar da aka kashe, da hannunsa, mai kula da shuka yana tsaye a kansa. Wasan kuma, duk mai son ɓoye gwangwani a lambun sai ya zo ofis an nuna masa inda ƙafa ba za ta taka shuka ba, kuma mai wurin ya sani. Oga ya sosa ƙeya ya ce, "Aiki ne, Mama, a yi haƙuri." Yaya ta ce ba komai. Ta mayar da katinta jaka, ta gode wa Manaja, ta ba Malama haƙurin wanka, ta bi ta gefen Auta ta fita kamar ta wuce turken wuta.

Kwanaki suka wuce ba ta ce masa uffan ba. Kullum da safe yana bayan rumfa da shebur da bokiti, tumbi yana hana shi sunkuyawa, gumi yana bin gemu. In rana ta take sai ya ga an ajiye kofin ruwa a kan bulo, ba ya ganin hannun da ya ajiye. Ta ɓangarensa yana jin duk abin da ke faruwa a gaba, wato ba komai. Masu gadi sun koma rataya kwanoninsu a reshen bishiya. Mai Hoto in zai zaga, da kyamararsa yake tafiya a wuya. Maganar ƙwaya ta hau mota ta zaga lambu, maganar maɓalli tana tasha tana jiran bas.

Ranar da ya dasa tushe na ƙarshe, ƙarshen mako ne. Yana wanke hannu a famfo sai ga wasu iyali da suka saba karɓar tabarma tun 'yarsu tana hannu. Yarinyar ta ƙwace ta nufo rumfa da gudu tana kiran Kaka. Uwar ta yi taku biyu ta cafko hannunta, ta yi wa Yaya murmushin da bai wuce haƙori ba, suka miƙe wajen sabuwar ƙofa.

Yaya ta ci gaba da naɗe tabarma.

Auta ya goge hannu a wando, ya matso ya tsaya kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba.

"Yaya, na gama."

"Shuka ka gama."

Ya ji daɗi ko ba komai ta yi magana. "Wallahi don ki samu mutane na yi. Kuma ai an wanke ki, Manaja da bakinta ta faɗa."

Ta ɗaure tabarmar da roba, ta ɗauko wata ta haɗa, ta ɗora masa su a hannu.

"Manaja ta ji, Oga ya ji, fanka ma ta ji. Waccan da ta ja 'yarta ba ta cikin ofis. Bi ta ka kai mata. Ka tsaya a gabanta da gemunka, ka gaya mata kai ne ƙaton da ke ɓoye maɓalli a bulo. In ka gama da ita ga Mai Hoto, ga masu gadi, ga sauran lambu."

"Haba Yaya, duk lambun? Ai sai a mayar da ni abin dariya."

"Ni da aka mayar mai ƙwaya ban mutu ba. Wuce."